Haƙƙin Dolly Parton da Na Ci a Gidan Rediyo

A shekarar 1975 kamfanin RCA ya tsinto waƙoƙi goma daga cikin waɗanda suka fi fice na Dolly Parton, ya zuba su a faifai ɗaya mai suna Best of Dolly Parton. Takwas daga cikinsu ita ta rubuta da hannunta. Biyun da suka rage na ubangidanta ne a harkar waƙa, Porter Wagoner. Duk wannan yana nan a jikin faifan, an buga sunan marubuci da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin kowace waƙa. Ni ban taɓa ganin wurin ba, ban kuma taɓa neman gani ba, har sai da na ci haƙƙin matar nan a bainar jama'a.

Tsararrakina da yawa sun tashi da kiɗan kantiri a kunne, wato kiɗan mutanen karkarar kudancin ƙasar Amurka. Jim Reeves da Don Williams da Kenny Rogers da ita Dolly, a rediyo muke jin su, ko a motar haya in tafiya ta yi nisa. Kaset ɗin faifan nan na Dolly da nake da shi na kasuwa ne, wanda aka ɗauka daga wani aka rubuta sunayen waƙoƙin da biro. Babu shekara, babu sunan wanda ya rubuta. Na saurare shi har ya fara tauna, sai na ɗauka na san matar ciki da bai.

Wani abokina da ke gabatar da shirin kiɗe-kiɗen ƙasashen waje da dare ya gayyace ni mu tattauna. Ya sa "I Will Always Love You" da muryar Dolly. Da waƙar ta ƙare sai na ce, ba tare da wata tantama ba, ai wannan ta Whitney Houston ce, Dolly aro ta yi. Ban tsaya nan ba. Na ƙara da cewa irin waɗannan mawaƙa, maza ne a birnin Nashville ke rubuta musu kome, su nasu murya ne da kwalliya. Da aka buɗe layin waya sai wata dattijuwa ta kira. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, na sayi faifan nan tun Whitney tana 'yar makaranta. Ka je ka duba sunan da ke ƙarƙashin waƙar, sannan ka dawo ka gaya wa mutane." Na ce, "To, Mama, na gode." Ban da wannan ba ni da abin faɗa.

Na je na duba. A 1973 Dolly ta rubuta waƙar, kuma ba ta soyayyar saurayi da budurwa ba ce kamar yadda na ɗauka. Bankwana ce. Tun 1967 take fitowa a shirin talabijin na Porter Wagoner, shi ya haska ta ga jama'a, suna waƙa tare, shi ke da faɗa a ji kan aikinta. Da ta ga lokaci ya yi da za ta tsaya da ƙafarta, shi kuma ba ya son jin zancen, sai ta zauna ta rubuta masa abin da baki ya kasa isarwa, ta rera masa. Waƙar ta fito a 1974, ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri, ta sake hawa a 1982 da ta ƙara rera ta. Sai a 1992 Whitney ta ɗauke ta domin fim ɗin The Bodyguard, ta yi mako 14 tana kan gaba a Amurka. Tsakanin fitowar ta Dolly da ta Whitney shekara 18 ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin Elvis Presley. Ya so ya rera waƙar, kuma a lokacin babu mawaƙin da ba zai yi murna da haka ba. Sai manajansa, Kanar Tom Parker, ya gindaya sharaɗi: sai an ba su rabin haƙƙin mallakar waƙar. Dolly ta ƙi. Ta sha faɗa a hira cewa ta yi kuka a kan wannan, amma ba ta sa hannu ba. Tun farkon shigarta sana'ar ta kafa kamfanin kula da haƙƙin waƙoƙinta tare da kawunta Bill Owens, domin ta san inda dukiyar marubuci take. Saboda ƙin da ta yi, da Whitney ta zagaye duniya da waƙar, kuɗin haƙƙin mallakar waƙar gaba ɗaya gidan Dolly suka nufa. Wannan ita ce matar da na ce ba ta da kome sai murya da kwalliya.

Kuskuren shekara abu ne mai sauƙi, kowa na iya yin sa. Na biyun ne ya dame ni, domin ba daga rashin sani ya fito ba. Na ga hotonta da tulin gashi da kayan ƙyalƙyali, sai na yanke hukunci cewa mace mai irin wannan shiga ba za ta iya zama marubuciya ba. Babu wanda ya gaya mini haka, ban karanta a ko'ina ba. Raini ne da ke kwance a raina, ya sami makirufo ya fito. Da Don Williams ne aka sa a daren, na tabbata ba zan ce wani ke rubuta masa ba, alhali shi ne ma yawancin fitattun waƙoƙinsa wasu suka rubuta.

Kuma da na saurari faifan da kunnen basira, da shi kansa ya isa ya gyara ni. An haifi Dolly a 1946 a tsaunukan jihar Tennessee, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12, a gidan katako mai ɗaki ɗaya. "Coat of Many Colors", wadda ta fito a 1971, labarin rigar da mahaifiyarta ta ɗinka mata ce da ƙyallaye, tana ɗinki tana ba ta ƙissar Yusuf da rigarsa. Yarinya ta tafi makaranta tana alfahari da rigar, yara suka yi mata dariya. Wa zai zauna a ofis a Nashville ya ƙirƙira mata wannan? "My Tennessee Mountain Home" ma gidansu ne take kwatantawa. Hasali ma, da ta zo Nashville a 1964, washegarin gama sakandare, da rubuta wa wasu waƙa ta fara yin suna kafin a san muryarta. Mahaifinta bai iya karatu ba, shi ya sa a 1995 ta kafa Imagination Library, shirin da ke aika wa ƙananan yara littattafai kyauta.

Na koma shirin na janye maganata, na kuma ba da haƙuri. Amma magana zarar bunu ce. Wanda ya ji ta farko ba lalle ne ya ji ta biyun ba, kuma ina jin har yau akwai mai maimaita abin da na faɗa, yana cewa a rediyo ya ji.

Tun daga nan na lura cewa abin da na yi wa Dolly muna yi wa namu kullum. Waƙar fim ta fito, sai a kira ta da sunan jarumar da ta motsa baki a hoto. Wadda ta shiga situdiyo ta rera ba a ambatonta, balle wanda ya zauna ya tsara baitocin. A tura waƙa daga waya zuwa waya ba suna ba shekara, kamar dai kaset ɗina na da.

Don haka ina roƙon masu gabatar da shirye-shirye a gidajen rediyonmu, da masu rubutu irina: in za ku sa waƙa ko ku yi magana a kanta, ku bincika tukuna, ku faɗi wanda ya rubuta da wanda ya rera, mace ce ko namiji.