Gadon Da Ban Roƙa Ba

'Yar uwa, in kin taɓa tsayawa gaban madubi kika ji kamar ki fasa shi, to matso kusa mu yi magana.

Ina shekara 14 ƙuraje suka feso mini. Ba irin 'yan ƙananan nan ba, manya ne masu zurfi da zafi, a haɓa da kumatu, in sun warke su bar baƙin tabo da rami. Babu abin da ban ji ba. Gwaggo ta ce ƙazanta ce, ta sa ni dirzar fuska da soso da sabulun salo har fatar ta saluɓe. Ƙawaye suka ce gyaɗa ce, na yi shekara ban ci ƙuli-ƙuli ba. Wata maƙwabciyarmu kuwa cewa ta yi jifa ne, don kada in samu miji. Biki na daina zuwa, in an yi sallama da ni a zaure in ce a ce ba na nan. Na sayi wani man shafawa a kasuwa, fuska ta yi luwai sati biyu, sannan suka dawo ninki. Ashe akwai sinadarin siteroyid a ciki, shi kuwa ƙara su yake.

Sai bayan aurena maigidana ya kai ni wurin likitar fata. Tambayarta ta farko ita ce, "Hajiya, a gidanku wa ke da su?" Nan take na tuno ramukan kumatun Baba, da muka ɗauka zanzana ce. Allah sarki!

Ta ce abin gado ne. Wani bincike da aka yi kan tagwaye mata a Ingila a 2002 ya nuna kashi 81 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan ciwo daga gado yake. Sannan akwai sinadarin jiki mai suna androjin, maza da mata duk suna da shi. In an balaga yana ƙaruwa, ya sa fata ta riƙa fitar da maiƙo da yawa, ƙofofin gashi su toshe, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Sauyin irin waɗannan sinadarai ne ke tayar da ƙurajen gab da al'ada. In kuma sun haɗu da rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa, sai a duba matsalar ƙwan haihuwa da ake kira PCOS.

Magani sai da haƙuri, wata biyu zuwa uku kafin a ga sauyi. Ta ja kunnena kan ƙwayar isotretinoin: tana aiki sosai, amma tana nakasa jariri a ciki, mai juna biyu ba ta shan ta ko kusa.

Yau 'yata ta fari shekararta 13, ga su nan sun fara leƙowa a goshinta. Wallahi ban miƙa mata soso ba. Na zaunar da ita na nuna mata tabona, na ce, "Ba laifinki ba ne, jininmu ne. Kar ki matse, gobe za mu asibiti."

Ke ma 'yar uwa, ki yi wa taki haka. Allah Ya ba mu lafiya, amin.