Likitan da Aka Sa wa Gemu

Yaro da mahaifinsa sun yi haɗarin mota, uban ya rasu nan take. Aka garzaya da yaron ɗakin tiyata, sai aka ji daga bakin likita: "Ba zan iya ba, ɗana ne." To, yaya ke nan?

Mai sauraro yakan shiga kame-kame, ko baffansa ne, ko uban riƙo, tunda a wurinmu ɗan wa ma ɗa ne. Amsar kuwa, uwarsa ce. Babu inda tambayar ta ce namiji ne. Mai sauraro ya zo da zatonsa daga gida, shi ya sa wa likita gemu.

Ku lura da wahalar da muka sha wajen tsara ta. A Turanci kalmar aiki ba ta nuna jinsin mai magana, Hausa kuwa sai ta nuna. Da mun ce "likita ya ce", mun yi ƙarya. Da mun ce "ta ce", asiri ya tonu. Dole muka fake da "daga bakin likita".

Duk cikinmu mai son ɓoye wanda ya yi kisa har babin ƙarshe, da "ya" da "ta" ɗin nan zai yi ta kokawa, shafi bayan shafi.