Kuɗin Ƙasarmu, Wa Ke Lissafinsu?

A ƙasarmu ta Kafur, a zamanin da, in kaka ta yi, aka sayar da auduga, sai mai unguwa ya bi gida gida yana karɓar haraji. Shi ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika Baitulmali a Katsina. Masu shanu kuwa su biya jangali. Cikin wannan a kan biya alƙalai da 'yan doka da malaman makaranta, a gyara hanyoyi. Talaka ya san abin da ya fita daga aljihunsa, har ya kan yi gunaguni.

A 1979, muna cikin Jihar Kaduna, Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali. Yanzu yawancin kuɗin ƙaramar hukuma daga asusun tarayya su ke zuwa. To, da ya ke ba a sallama ƙofar gidanmu a karɓa, sai muka bar tambaya, sai ka ce ba namu ba ne. Alhali kuwa namu ne.

'Yan'uwana, mu da za mu koyar da lissafi, mu koya wa yara su riƙa tambaya: nawa ya shigo bana, rijiya nawa aka haƙa, aji nawa aka yi wa rufi? Allah ya sa mu riƙe amana, amin.