Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasin Haidarabad ga Masu Son Masana'antar Magani

Tun bayan annobar korona, da wuya mai mulki a Afirka ya yi jawabi kan kiwon lafiya bai ambaci aniyarsa ta kafa masana'antar haɗa magunguna da allurar rigakafi a gida ba. Aniyar tana da kyau, domin kowa ya ga yadda ƙasashe masu hali suka kwashe rigakafin a 2021, aka bar mu muna jiran abin da ya rage. Abin da ke damuna shi ne hoton da ke zuwa mana a zuci idan an ambaci wannan masana'anta: makeken fili, katanga, ƙofa mai ado, sai ranar yanke ƙyalle. A birnin Haidarabad na kudancin Indiya na yi karatun digirin digirgir a fannin ƙananan halittu, kuma a tarihin wannan birni, filin da katangar su ne suka zo daga ƙarshe.

A bayan garin, wajen Shamirpet, akwai unguwar masana'antu da ake kira Genome Valley, wadda gwamnatin jihar Andhra Pradesh ta assasa a 1999 zamanin babban minista Chandrababu Naidu. Yau wurin yana cikin jihar Telangana da aka ɓalle a 2014, kuma gwamnatinta kan yi tinƙaho da cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na allurar rigakafin duniya daga birninta yake fitowa. Baƙon da aka zagaya da shi can zai iya komawa gida da tunanin cewa sirrin shi ne a ware fili a sa masa suna. Amma kafin a aza tubalin farko, an yi shekara kusan arba'in ana shuka abin da aka girba.

A 1961 gwamnatin Indiya ta kafa kamfanin magunguna na ƙasa, IDPL, da taimakon Tarayyar Sobiyet, aka gina ɗaya daga cikin masana'antunsa a Haidarabad. Ta fuskar kasuwanci kamfanin bai kai labari ba, ya durƙushe a shekarun 1990. Sai dai kafin ya durƙushe ya horar da masana haɗa sinadarai masu yawa, waɗanda suka san yadda ake fitar da aiki daga kwalbar gwaji zuwa tukunyar masana'anta. Ɗaya daga cikinsu, Anji Reddy, shi ya kafa kamfanin Dr. Reddy's a 1984. Kuɗin da gwamnati ta zuba a IDPL sun dawo mata ta hannun mutanen da kamfanin ya yaye.

Bayan horar da mutane sai doka. A 1970 Indiya ta yi dokar mallakar ƙirƙira wadda ta kare hanyar haɗa magani kawai, ta bar shi kansa maganin a buɗe. Duk wanda ya gano wata hanyar haɗa maganin da Turawa ke sayarwa da tsada, yana da ikon haɗawa ya sayar. Wannan dama ta ɗore har 2005, shekara talatin da biyar da matasan masana suka yi suna goge basirarsu. A tsakanin haka gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar binciken ƙwayoyin halitta ta CCMB a birnin a 1977, ta kuma buɗe sashe na musamman mai kula da fasahar halittu a 1986. Saboda haka lokacin da kamfanin Shantha Biotechnics ya fitar da rigakafin ciwon hanta nau'in B a 1997 da farashin da ya karya na kamfanonin waje, da lokacin da Krishna Ella ya dawo daga Amurka ya kafa Bharat Biotech a 1996, ba su je neman ma'aikata a wata uwa duniya ba. A cikin gari suka same su.

Labarin da na fi son ba ɗalibaina shi ne na Rotavac, rigakafin ƙwayar cutar rota mai sa jarirai gudawa. A shekarun 1980 aka gano nau'in ƙwayar da aka yi shi da ita, a jikin jarirai a wani babban asibitin koyarwa na Delhi. Ba a fara amfani da rigakafin ba sai 2015. Gwamnatoci sun zo sun wuce, jam'iyyu sun yi ta karɓa-karɓa, amma ba a yanke wa aikin tallafi ba, har ya fito a kan kimanin dala ɗaya kowane ɗigo. A 2022 Nijeriya ta shigar da shi cikin jerin rigakafin yara. Jaririn da aka ɗiga wa shi a asibitin karkara a Jigawa ko Zamfara yana cin moriyar haƙurin da wasu suka yi na shekara talatin.

Mu ma ba daga sama muka faɗo ba. Ɗakin haɗa rigakafi na gwamnatin tarayya da ke Yaba a Legas ya yi shekaru hamsin yana samar da rigakafin agana da shawara da haukan kare, har ana kai wa maƙwabta, kafin a rufe shi a 1991 da sunan gyara. Injin da ya lalace ana iya sayo wani, amma ma'aikatan da suka watse, wasu suka yi ritaya wasu suka rasu, sun tafi da ilimin da ba a rubuce yake ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kuwa tana nan tun 1924, kuma da rigakafinta aka yaƙi bushiya a garken Fulani. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa NAFDAC mataki na uku na ƙwarewar sa ido kan magunguna. Tushe akwai shi, ɗorawa a kai ne ya gagara.

Wannan magana ba ta nesa ba ce a wurina. Kowace shekara nakan sa hannu a sakamakon ɗalibai masu kaifin basira, bayan shekara biyu in tarar da su a bakin titi suna sana'ar POS. Nakan koya musu yadda ake ninka ƙwayar gado a kan allo, saboda sinadarin da ake yin gwajin da shi ya lalace ranar da firji ya kwana babu wuta. Idan gobe aka gina wa jiharmu katafariyar unguwar masana'antu, daga Indiya za a ɗauko masu aiki a cikinta, yaranmu su yi gadi.

Shi ya sa nake ganin gwamnonin Arewa za su fi cin riba idan suka haɗa kai suka zaɓi abu ɗaya da muke da buƙatarsa kuma muke da kayansa. Ga maganin saran maciji: asibitin Kaltungo a jihar Gombe yana karɓar manoma da makiyaya da kububuwa ta sara, amma macizanmu aka riƙa kaiwa Ingila a tatsi dafinsu, a haɗa maganin a Birtaniya da Kosta Rika, mu sayo da kuɗin waje. Ga kuma rigakafin dabbobi, wanda kasuwarsa ta miƙe daga Sakkwato har Chadi. A zaɓi ɗaya, a ba ɗakunan gwaji biyu ko uku wuta da ruwa marasa yankewa, a tura matasa su yi aiki a masana'antu na gaske da sharaɗin dawowa, sa'an nan gwamnati ta rubuta alkawarin sayen abin da aka haɗa na tsawon shekara goma, ta kuma riƙa biya a kan kari. Mai jari ba ya zuba kuɗi inda mai saye ke canza ra'ayi duk bayan zaɓe.

Akwai kuma abin da bai kamata mu kwaikwaya ba. Ruwan dagwalon masana'antun magani ya gurɓata tafkuna da gonakin yankin Patancheru da ke gefen Haidarabad, talakawan ƙauyukan suka biya farashin da ba a rubuta a jikin kwalin magani ba. Wanda ya san abin da majemun Sharaɗa da Challawa suka yi wa ruwan Kano ba ya buƙatar dogon bayani. Tun kafin a kunna injin farko ya kamata a san inda dagwalon zai bi.

Na san aikin da ba a yanke masa ƙyalle ba ya burge ɗan siyasa, domin wa'adinsa shekara huɗu ne, shi kuwa wannan aiki wanda ya shuka da wuya ya ga girbi yana kan mulki. Amma sanƙarau da kwalara da zazzaɓin Lassa ba su san wa'adi ba, duk shekara suna tafe. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gwamnan da ya yarda ya fara wannan aiki, ya bar wa magajinsa bikin buɗewa, shi ne zai yi mana abin da za a daɗe ana sa masa albarka.