Daga Tukunyar Rini zuwa Ƙwayar Magani

Kalmar "kimiyya" da muke kiran ilimin zamani da ita aro ce daga Larabci, kuma a can asalinta sunan fanni guda ne: ilimin narkawa da tacewa da haɗa abubuwa, wanda yau muke cewa ilimin sinadarai. Na daɗe ina ganin dacewar wannan aro, domin da wuya a sami fannin da bai ci albarkacin sinadarai ba. Inda abin ya fi bayyana gare ni shi ne tarihin maganin zazzaɓin cizon sauro, cutar da babu gidan da ba ta taɓa shiga ba a ƙasashenmu.

Maganin farko ɓawon wata bishiya ne da ke tsirowa a duwatsun Kudancin Amurka. Tun ƙarni na 17 Turawa ke niƙa shi suna sha, amma ƙarfinsa ba ɗaya ba ne: wani ɓawon ya warkar, wani kuwa sai ɗaci kawai. A 1820 wasu masu haɗa magani biyu a Faransa, Pelletier da Caventou, suka tace ɓawon har suka ware abin da ke aiki a cikinsa, wato kwinin. Daga nan aka iya auna shi a ma'auni, a san adadin da ya ishi babba da wanda ya ishi yaro. Tasirin wannan ya iso har ƙofarmu. A 1854 Baikie ya bi Kwara da Binuwai a jirgin ruwa, mutanensa na shan kwinin kullum, suka koma ba wanda zazzaɓi ya kashe. Maganin da ya ceci rayuka shi ne kuma ya sauƙaƙa wa ƴan mulkin mallaka shigowa.

Kwinin ya yi tsada, sai aka shiga neman hanyar haɗa shi ba tare da bishiya ba. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, ya gwada da sinadaran da ake samu daga kwalta. Kwinin bai samu ba, amma ya sami rini mai launin shunayya da ke kama siliki. Wannan ya haifi masana'antun rini, musamman a Jamus. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marina ya san rini zaɓe gare shi: yana kama wani zare, ya ƙi wani. Likitan nan Paul Ehrlich ya lura haka rini ke yi a cikin jiki, ya rina wasu ƙwayoyin halitta ya bar wasu. Sai ya yi tunanin cewa rinin da ke iya gano ƙwayar cuta ya manne mata zai iya kashe ta ya bar mai ita. A 1891 ya ba wasu masu zazzaɓi biyu a Balin wani shuɗin rini, suka sami sauƙi. Ta wannan hanya aka bi har aka haɗa kulorakwin a kamfanin Bayer a 1934.

Rini bai tsaya ga magani ba. Shi ya buɗe wa masu nazarin halittu ido, suka ga abin da ke cikin ƙwayar halitta. Har gobe, idan aka ɗebi jinin yatsa a asibiti domin dubawa da madubi, da rinin Giemsa ake rina shi kafin ƙwayar cutar ta fito fili.

Da kulorakwin ya fara gazawa, sai aka koma ga tsiro. Wata masaniya a ƙasar Sin, Tu Youyou, ta binciki tsoffin littattafan magani, ta tarar da wani na ƙarni na 4 ya ce a jiƙa wani ganye, ɗan'uwan tazargade, cikin ruwa a matse a sha. Ta gane cewa tafasawa ce ke lalata maganin, sai ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba. A 1972 aka ware sinadarin atemisinin, tushen magungunan da ake ba mu yau, kuma a 2015 ta sami kyautar Nobel.

Na tashi ina shan jiƙon ganyen dogon yaro idan jiki ya yi zafi, kuma ban raina sanin iyayenmu ba. Sai dai mai jiƙo bai san yawan abin da ke cikin ƙwaryarsa ba. Gudummawar ilimin sinadarai ita ce awo: mene ne ke aiki, nawa ke warkarwa, nawa ke cutarwa. Shi ya sa jabun magani da barin magani a rabi suke tayar mini da hankali. Dukansu suna ba ƙwayar cuta awon da bai isa kashe ta ba, ta saba da shi, kamar yadda ta saba da kulorakwin. An riga an ga alamun haka game da atemisinin a wasu ƙasashen gabashin Afirka. Idan likita ya ce kwana uku, a cika kwana ukun.