Shela, Ruwa Da Ciniki A Garin Kura

Matafiyin da ya bar birnin Kano da sassafe ya kama hanyar Zariya, da zarar ya ƙetare gadar Tamburawa zai ga ƙasa ta soma sauya kama. Ko da tsakiyar rani ne, lokacin da hazo ya rufe ko'ina ciyawa kuma ta bushe ƙayau, a nan sai ya iske gonaki kore shar dama da hagu, ga ruwa yana gudu cikin hanyoyin da aka haƙa masa, sai ka ce damina ba ta tafi ba. Tafiyar kamar mil 20 daga Kano sai ga Kura, hedkwatar ƙaramar hukumar da ke amsa wannan suna. Ba wani babban birni ba ne. Gari ne na manoma da masu injin shinkafa da dillalai, wanda ƙauyuka suka kewaye shi, kuma kusan kowane gida a cikinsa yana da abin da ya haɗa shi da gona.

Baƙon da ya kwana a garin, kafin ya ga kasuwa ko gona, kunnensa ne zai fara shaida masa yadda ake zama a nan. Ana sallame sallar asuba sai lasifikar masallaci ta sake buɗewa. Wata rana rasuwa ce, a faɗi sunan mamaci da unguwarsu da lokacin jana'iza. Wata rana cigiya ce, akuya ta ɓata da 'ya'yanta biyu, ko yaro ya fita tun jiya da riga mai launi kaza bai komo ba. Akan sanar da ɗaurin aure da suna, akan faɗi ranar da ma'aikatan lafiya za su zo rigakafi, akan roƙi samari su fito yashe kwalbatin unguwa kafin ruwan sama ya sauka. Wanda bai saba ba zai ɗauka duk ƙananan abubuwa ne. Mutumin gari kuwa yakan dakata da buta a hannu har a gama, gama ya san a cikin irin waɗannan maganganu ne wata rana ake faɗin abin da cinsa da shansa na shekara ya rataya a kai.

Shela ta girmi lasifika nesa ba kusa ba. A tsarin gargajiya na ƙasar Kano saƙo yakan taso daga hakimi ya sauka ga dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, sa'an nan mai shela ya ɗauka ya bi lungu-lungu da bakin kasuwa yana ɗaga murya, yana fara wa da isar da gaisuwar sarki kafin ya faɗi umarni. Ta haka aka riƙa sanar da haraji da jangali a zamanin En'e, ta haka kuma aka bayyana wa talakawa canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973. Rediyo ya zo, wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, amma ba su kashe wannan hanya ba. Dalili kuwa a fili yake. Takardar da aka liƙa a bangon sakatariya mai karatun boko kaɗai take yi wa magana, shi ma sai in ya bi ta wurin. Saƙon waya kuma sau da yawa ba a san wanda ya ƙirƙiro shi ba. Amma maganar da aka faɗa a masallacin unguwa da yawun mai unguwa tana da uba, in ta zama ƙarya an san ƙofar da za a je a tsaya.

A duk sanarwar da ake yi a ƙasar Kura babu mai nauyin ta ruwa. Ruwan da ke shayar da waɗannan gonaki daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina a kan Kogin Kano zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, aka kammala ta a 1974, daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya gigita Arewa da maƙwabtanta. Ba da inji ake turo shi ba. Gangare yake bi daga Tiga ya ratsa ta Ruwan Kanya ya shiga babbar hanyar ruwa, daga nan a rarraba shi cikin ƙanana har ya kai bakin gonar mutum a Kura da Bunkure da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke riƙe da makullin. Saboda haka ranar da za a buɗe ruwa, da ranar da za a rufe don gyara, da ranar da za a karɓi kuɗin ruwa, da ranar da masu gonakin layi ɗaya za su taru su nome ciyawar da ta toshe magudanarsu, duk sai an faɗa, kuma sai an faɗa da wuri.

Wanda bai taɓa noman rani ba ba zai gane abin da jinkirin kwana goma yake jawowa ba. Alkama da sanyin hunturu take yi. In ba a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ba, to zafin Maris zai riske ta tana fitar da kai, sai a girbe kara mai yawa da ƙwaya kaɗan. Tumatir kuma tun yana reno a bedi yake bukatar a san ranar da za a dasa shi. Manomin da ya ci bashi ya sayi iri da taki, ya biya kuɗin huɗa, sa'an nan daga baya ya ji cewa bana ba za a saki ruwa a sashensu ba, wannan ba ƙaramar hasara ya yi ba, kuma ba fari ne ya ja masa ba, rashin jin magana a kan kari ne. An ga irin wannan damuwa a shekarun da aka shiga babban gyaran hanyoyin ruwan da rancen Bankin Duniya, a ƙarƙashin shirin TRIMING da aka amince da shi a 2014, domin gyara ba ya yiwuwa sai an tsayar da ruwa. Gyaran kuwa ya zama dole, gama hanyoyin sun shekara kusan 40 suna aiki, laka da ciyawa sun cinye da yawa daga cikinsu. Akwai kuma tsohuwar taƙaddama tsakanin na sama da na ƙasa. Wanda gonarsa ke kusa da bakin magudana yakan sha ya ƙoshi har ya yi ɓarna, na can ƙarshe yana zaune da bututu a hannu yana jiran abin da ya rage. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa don raba wannan gardama aka kafa su, kuma rabin aikinsu shi ne su faɗa wa kowa ranarsa a bainar jama'a, yadda ba mai cewa bai ji ba.

Kafin shinkafa da tumatir su yi suna, da rini aka san Kura. Sunan garin har ya zama sunan kaya, watau rawanin nan baƙi mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura. Masaƙa su saƙa ƙyallaye sirara a ɗinke su, marina su tsoma a karofi cikin baba sau da yawa, sa'an nan mabuga su zuba shuni su yi ta bugu a kan gungume har turkuɗi ya riƙa walƙiya. Mafi yawan masu sayensa ba 'yan gari ba ne, Buzaye ne da sauran mutanen Hamada, ta hannun fatake masu bi ta Damagaram da Agadas. Wato tun a ƙarni na 19 arzikin Kura yana hannun mai saye da ke nesa, wanda marini bai taɓa ganin fuskarsa ba, kuma labarin abin da ake so can da nawa ake biya yakan ɗauki watanni kafin ya iso. Yau marinan sun ragu ƙwarai, yadin kanti da sinadarin rini na waje sun rage musu kasuwa. Amma wancan hali na dogaro da kasuwar nesa bai canja ba, kaya ne kawai suka canja.

Shinkafa ce ta gaji karofi. Duk inda mutum ya bi a gefen gari zai ga tabarmi da leda shimfiɗe an baza shanshera tana shan rana, ga tukwane da gangunan da mata ke turara ta a cikin gidaje, ga ƙarar injuna da tulin ɓuntu a bayansu. Aikin turarawa yawanci na mata ne, kuma da shi da yawa suke zubin adashi, suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Matar da ke cikin kulle ba ta zuwa kasuwa, amma ta san farashin tiya na yau, domin yaran da ke kai mata kaya inji su ne jaridarta. Lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, shinkafa 'yar waje ta yi wuya, sai 'yar gida ta sami daraja, masu saye suka riƙa zuwa daga jihohi masu nisa suna neman jamila da sipi. Ƙorafin da aka daɗe ana yi wa shinkafar gida shi ne tsakuwa, kuma a wannan zamani ne injin fid da tsakuwa ya yawaita, gama mai saye daga Ikko ba ya dawowa wurin wanda ya taɓa karya masa haƙori.

Tumatir shi ne kayan da ba ya jira. Shinkafa in farashi ya faɗi a zuba ta a ɗaki, tumatir kuwa in an tsinke shi yau to gobe ya fara laushi. A Kwanar Gafan da ke ƙasar Garun Malam, maƙwabciyar Kura, nan ake tara kwanduna daga Janairu zuwa wajen Afrilu, manyan motoci su yi lodi su nufi kudu, wasu har kasuwar Mil 12 ta Ikko, tafiyar kusan kilomita 1,000. A da dillali ne kaɗai ya san abin da kwando ya yi a can, manomi sai abin da aka faɗa masa. Yanzu kowa yana da ɗan'uwa ko abokin ciniki a kudu da zai buga wa waya tun kafin rana ta fito, saboda haka rufa-rufa ta ragu. Sai dai sanin farashi bai ba manomi ikon ƙin sayarwa ba. Ranar da kaya suka yi yawa motoci suka yi kaɗan, wanda ya san gaskiyar farashi da wanda bai sani ba duk abu ɗaya za su karɓa, in ba haka ba su kwashe su je su yanka su shanya a ƙasa ya zama kauɗa.

An sa rai matuƙa ga masana'antar tumatirin gwangwani ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, wadda aka gina don ta riƙa sarrafa tan 1,200 a rana. A shekarar ce kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta afka wa gonaki ta cinye ganye da 'ya'ya, tumatir ya yi tsadar da ba a saba gani ba, masana'antar ta rasa abin niƙawa, kuma a shekarun da suka biyo ta sha buɗewa da rufewa. A ƙarshen Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta hana kai kaya kudu na 'yan kwanaki. A Ikko tumatir ya gagari talaka, a nan kuwa ya rasa mai ɗauka. Abin da aka yanke a taron da manomi bai halarta ba, shi ya fara biyan kuɗinsa. Haka kuma aka yi a farkon 2023 bayan da Babban Banki ya canja fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Wa'adin daina karɓar tsofaffi ya tashi daga 31 ga Janairu ya koma 10 ga Fabrairu, daga baya Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu, kullum da sabon labari. A kasuwar da ake biyan mai tsinka da ɗan dako da mai awo da tsabar kuɗi a hannu, mai riƙe da sabbin takardu ya zama sarki, manoma da yawa suka karyar da kaya don su sami abin sallamar leburori.

Ba ciniki kaɗai ake sanarwa ba. Noman rani ya kawo wata matsalar da kakanni ba su sani ba. A da, in an gama kawar da amfanin gona akan yi shela cewa makiyaya suna iya shiga su ci kara da harawa, shanu kuma su bar taki. Yanzu gona ba ta zama fanko, ana kwashe shinkafa ana shirin alkama, saboda haka dole dagaci da arɗo da shugabannin manoma su zauna su tsayar da ranar shiga da hanyar da dabbobi za su bi su sha ruwa, a kuma faɗa a ji. Inda aka yi sakaci da wannan, ƙaramar ɓarna takan kai mutane gaban alƙali. Da kaka kuma limamai sukan tunatar da zakka, ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga wanda aka shayar da wahala da kashe kuɗi, kuma akan ji manoma suna tambayar malamai a wane ɓangare shinkafar da ta sha ruwan Tiga da na sama duka biyu ta faɗa.

Da la'asar sakaliya injuna sukan rage ƙara, 'yan mata su kwashe shinkafar da aka shanya kafin raɓa ta sauka, masu babura su riƙa shigowa daga gona da bututun ban ruwa ɗaure a baya. A bakin tasha mai shayi ya kunna rediyo, dattawa sun kewaye shi suna jiran labarun yamma da sanarwar rasuwa daga Kano. Bayan magariba lasifika ta sake buɗewa: akuyar da aka yi cigiya da safe an same ta a wata gonar albasa, mai ita ya je gidan mai unguwa, ya kuma taho da abin biyan ɓarna.