Massa

Litinin, 15 ga Afrilu
Zafi tun hantsi. Famfo shiru, kwana biyu ke nan. Fasto ya ba ni karatun Lahadi, Irmiya 23 daga aya 33, ya ce in kula da kalma ɗaya ta Ibrananci: massa. Autata ta ɗauka masar gero ce ta kasuwar Tampouy.
Da dare waya daga Maradi. Yaya ce. Wai akwai labari mara daɗi, ni zan gaya wa Kawu, baki da baki.

Talata
Tushen massa kalmar nasa ce, wato ɗagawa, ɗauka. Kayan da aka labta wa jaki har ya durƙushe, Fitowa 23:5. Kayan alfarwa na Lawiyawa, Ƙidaya 4. Ita ce kuma a kan saƙon annabawa: Ishaya 13 game da Babila, farkon Nahum game da Nineba, Habakuk, Malakai. Kaya da saƙo, suna guda. Masana sun rabu. Wasu sun ce don maganar na da nauyi, wasu sun ce daga ɗaga murya ne. Ni nauyin na fi yarda da shi. Duk wanda aka taɓa aika da irin wannan ya sani.

Laraba
Har ƙofar gidan Kawu. Na tarar yana alwala.
"Kawu, ina gajiya?"
"Ba gajiya, ɗana. Mutanen gida fa?"
Na ce suna gaisuwa. Na sha ruwa, na fito.

Alhamis
Ruwa ya zo ƙarfe 3 na dare. Jarka shida.

Juma'a, 19
Kusa da babbar gadar Arewa, amalanken itace, jakin ya tsaya cik, yaro sai duka yake. Wata mai mangwaro ta tashi ta kama sauke kaya, ba wanda ya roƙe ta.
Ƙidaya 11. Musa ma ya yi kukan massa na jama'a, aka ba shi dattawa 70 su ɗauka tare da shi. Zuciya ta ɗan saki. Na dawo kan Irmiya, sai ta sake ƙullewa. Mutane na tambayar annabi massar Ubangiji da ba'a, amsar ta juyo kansu: su ne kayan. Haka tsohuwar fassarar Girkanci ta fahimce ta. Har aka hana su furta kalmar.

Asabar
Yaya kuma. A dakata, ba a tabbatar ba, direba ɗaya ne kawai ya faɗa. Ban san ko in yi murna ba.
Tuwo ya ƙi shiga.

Lahadi, 21
Mu goma sha ɗaya a karatu, fanka ba wuta. Wata tsohuwa ta ce, "Malam, ai kaya sai da gammo." Ban iya ƙara komai a kai ba.
Kawu ya aiko jikarsa da fura. Limamin unguwarsu ya yarda ya raka ni gobe bayan la'asar, in wayar ta zo.